Asalin Baftisma Da Ma'anarta

Ya kamata mu waiwayi baftisma. Gama sababbin masu bi sukan yi tambaya, su ce, don me ake sa mu jira a ajin koyarwa kafin a shigar da mu ruwa? Waɗansu kuwa a waje suna tsammani wankan magani ne.

Yahaya Maibaftisma ne ya fara kiran mutane su tuba, yana yi musu baftisma a Kogin Urdun. Yesu kansa ya zo wurinsa aka yi masa, ko da shi ke ba shi da zunubi. Bayan tashinsa daga matattu ya umarci almajiransa su yi wa al'ummai baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ran Fentikos kaɗai mutum wajen 3,000 suka karɓa. Manzo Bulus ya bayyana ma'anar a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 6: shiga ruwan kamar binnewa ne tare da Almasihu, fitowa kuma tashi ne zuwa sabon rai. Ruwan kansa ba ya wanke zunubi, jinin Yesu ne mai wankewa. Ruwan shaida ne a gaban jama'a.

Akwai wani ɗan littafi na masu bi na farko, Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, wanda ya ɓace shekaru da yawa, sai a 1873 aka gano shi a Istambul. Littafin ya fi son ruwa mai gudu. In babu, a yi da wani ruwan, in kuwa ya yi ƙaranci a zuba a kai sau uku. Wanda ya ga Gulbin Maradi da rani ya san amfanin wannan sauƙi. Littafin ya kuma bukaci mai karɓa ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu tukuna. Daga baya waɗansu ikilisiyoyi suka riƙa koyar da mutum har shekara uku, sa'an nan a yi masa baftisma a daren Ista. Jiran da muke yi ashe ba sabon abu ba ne.

Dalilin jiran shi ne, a zamanin Romawa baftisma takan jawo mutuwa, saboda haka dole mutum ya san abin da ya shiga. A birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, a nan Afirka, an kama wata mace mai suna Farfetuwa a shekara ta 203. 'Yar gidan manya ce, shekarunta wajen 22, tana goyon ɗa, tana kuma cikin ajin koyarwa. Tsohonta ya yi ta roƙonta ta tausaya wa furfurarsa, ta miƙa hadaya domin Kaisar a sake ta. Ta ƙi. Tana hannun masu tsaro aka yi mata baftisma, bayan 'yan kwanaki aka kai ta kurkuku. Aka jefa ta ga namun jeji a filin wasa tare da wata baiwa, Filisita, aka ƙarasa su da takobi. Wanda danginsa suka janye masa ƙwaryar tuwo saboda baftisma, ya sani an riga shi bin wannan hanya.

Da Sarki Kustantin ya hana tsanantawa a 313, al'amari ya sake. Shi kansa ya jinkirta tasa baftismar sai yana bakin mutuwa a 337. Sannu a hankali yi wa jarirai ya zama al'ada ko'ina, har a Turai kusan kowane ɗan ƙasa mai baftisma ne, ko ya ba da gaskiya ko bai bayar ba. A ganina nan ne shaidar ta yi rauni.

A watan Janairu 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, waɗansu masu karatun Littafi Mai Tsarki suka taru a gida suka yi wa juna baftisma bisa bangaskiyarsu. Hukumar gari ta hana. A Janairu 1527 aka ɗaure ɗayansu, Felis Manz, aka nutsar da shi a kogin garin. Abin baƙin ciki, masu kiran sunan Almasihu ne suka yi wannan. Har yau akwai 'yan'uwa na gaskiya masu yi wa jarirai, kamar Lutaran da Angilikan, ba kuwa gaba muke yi da su ba. Amma masu bishara na Sudan Interior Mission da suka sauka Damagaram a 1924 sun bi ɗaya hanyar: mutum ya ji, ya tuba, a koya masa, sa'an nan ya shiga ruwa da ƙafarsa a gaban mutanen garinsu.