Tuƙi, fawa da nauyin sitiyari a Bata

Bata da ke Kano, wadda ta samo sunanta daga kamfanin takalma na Bata, wuri ne da direba ke murza sitiyari fiye da yadda yake taka totur. Ga 'yan A Daidaita Sahu, ga bas-bas, ga masu tura baro da ke fitowa daga kasuwar Sabon Gari. Ba mamaki kalmomin da suka shafi sitiyari suka yawaita a bakin direbobin wurin da kanikawansu.

Tuƙi ita ce tsohuwa a cikinsu. Kafin mota ta zo, Bahaushe yana tuƙa tuwo da muciya, yana tuƙa kwalekwale, kuma duka biyun aikin damtse ne. Da ya ga direban tsohuwar gingimari yana kokawa da sitiyari da hannu biyu, bai nemo sabuwar kalma ba, don wadda yake da ita ta dace. Shi kansa sitiyari aro ne daga Ingilishi, amma an yi masa jiki irin namu: ana juya kan mota, ana karya kwana.

Sai fawa. A rubuce ta yi kama da sana'ar mahauta, amma a gareji tana nufin na'urar da ke taya direba murza sitiyari. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sayar da ita a motar shiga a 1951. Famfo ne da bel ke juyawa, yana tura mai da ƙarfi, shi ya sa ake sayar da man fawa. Daga 1988, lokacin da Suzuki ya sa ta lantarki a ƙaramar motarsa Cervo, abin ya fara sauyawa. Yawancin sababbin motoci yanzu ba famfo, ba bel ɗin fawa, ba mai, sai ƙaramin injin lantarki da kwamfuta. Sunan dai bai sauya ba. Har yau mai sabuwar Corolla kan buɗe bonet yana neman inda zai zuba man fawa.

Kalmar da ta fi damuna ita ce nauyi, domin abu biyu take ɗauke da su. Idan direban Bata ya ce sitiyari ya yi nauyi, ƙorafi yake yi: ko mai ya tsiyaye, ko bel ya saki, ko taya ba iska. Idan kuwa direban da ke bin hanyar Zariya ya ce sitiyarin motarsa yana da nauyi, yabo ne. Yana nufin yana jin titi a tafin hannunsa, mota ba ta yawo in ta ɗauki gudu. Irin wannan direba kan raina sitiyari mai sauƙi, ya ce kamar ba a riƙe komai ba, kodayake kwamfutar fawar lantarki tana ƙara masa nauyi da kanta yayin da gudu ya ƙaru.

A ganina ya kamata a bar wa lalacewa kalmar tauri, a bar nauyi ga yadda aka ƙera motar. Haka ma sauƙi daban, wasa daban. Sitiyarin da ke wasa, wato a murza shi taya ba ta amsa nan take ba, yawanci tayarod ko rak ne ya cinye, kuma wannan ba zaɓin direba ba ne, haɗari ne da ke buƙatar bakanike tun kafin a hau babban titi.