Yadda ake busar da iskar gas kafin ta shiga bututu

A ranar 30 ga watan Yunin 2020 ne aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Ɗaya daga cikin wuraren da aka yi bikin shi ne Rigachikun, a arewacin birnin Kaduna kan hanyar Zariya.

Sai dai ba a tura gas cikin irin wannan bututu yadda take fitowa daga rijiya, domin kuwa tana fitowa ne ɗauke da tururin ruwa.

Idan sanyi ya haɗu da matsi mai ƙarfi, ruwan kan haɗe da gas ya daskare kamar ƙanƙara, ko da sanyin bai kai na daskarar da ruwa ba, har ya toshe bututu. Wani masani a Amurka, Hammerschmidt, shi ne ya gano hakan a 1934. Haka kuma danshin kan sa ƙarfe ya yi tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani.

Na'urar da aka fi amfani da ita doguwar hasumiya ce ta ƙarfe. Gas na shiga ta ƙasa tana hawa, yayin da ake kwararo wani sinadari mai kauri da ake kira gilaikol daga sama. Shi dai wannan sinadari yana tsotse danshi ne kamar yadda gishiri ke yi da damina.

Daga nan sai a tura gilaikol ɗin wata tukunya, a zafafa shi zuwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan ya fice a matsayin tururi, sinadarin kuma a mayar da shi hasumiya. Idan wuta ta zarce haka sinadarin kan lalace, abin da ya sa ma'aikata ba sa ɗauke ido daga ma'aunin.

A inda ake mayar da gas ruwa, kamar masana'antar NLNG da ke Bonny, wannan bushewa ba ta wadatarwa. Sanyin can kan kai kusan digiri 160 ƙasa da sifiri, don haka akan bi da gas ta cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu ramuka, waɗanda ke kama ragowar danshin.

Akasari dai ana wannan aiki ne a cibiyoyin tace gas na yankin Neja Delta, tun kafin ta kama hanyar arewa.