Asalin Kwalta da Tarihinta a Ƙasarmu

Manoman Funtuwa da Malumfashi sun san amfanin hanyar kwalta, gama ta kanta ake kai auduga da masara da dawa kasuwa. Amma ba kowa ya san inda kwalta ke fitowa ba. To, ga labarinta.

Daga ɗanyen mai ake samunta. Shi kuwa ɗanyen mai gauraye ne. Akwai sashe marar nauyi, wanda ke ba da fetur da kananzir, akwai kuma waɗansu baƙaƙen ƙwayoyi masu nauyi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Wani masani Bafaranshe mai suna Busingo ya raɗa musu suna asfaltin a 1837. Muddin ba a dami man ba, a warwatse suke cikinsa. In aka zuba masa mai marar nauyi da yawa, ko kuwa matsin da ke kansa ya ragu sa'ad da yake tasowa daga ƙarƙashin ƙasa, sai su manne wa juna, su yi gudaji, su kwanta, kamar madara ta tsinke. Gudajin nan su ke toshe rijiya da bututu, a yi hasarar dukiya. Amma in an tace man, su ne ke ba kwalta tauri.

Tun wajen 1908 wani kamfanin Turawan Ingila ya yi haƙa a ƙasar Yarabawa, inda kwalta ke tsattsafowa, amma daga baya aikin ya tsaya. A 1956 aka sami mai a Oloibiri, aka soma fitar da shi waje a 1958. Sai dai man Nijeriya ba shi da nauyi, kwaltarsa kaɗan ce. Saboda haka da aka buɗe matatar Kaduna a 1980, aka yi ta sashe biyu: ɗaya na man gida, ɗaya na mai nauyi da aka riƙa sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait, don kwalta da man juye. Ta bututu aka riƙa turo shi daga Warri, tafiyar fiye da mil 350.

Daga baya matatar ta yi shekaru ba ta aiki, aka koma sayen kwalta daga ƙetare. In kwalta ta yi tsada, gyaran hanya ya yi wuya. In hanya ta lalace kuwa, kuɗin mota ya hau, a kan buhun manomi za a fanshe. Ashe ke nan labarin ɗanyen mai ya shafi mai gona.