Yoyo, Naso da Shan Mai: Sunayen Ciwon Tsohuwar Fijo

"Alhaji, yoyo take yi ko sha take yi?" Bakaniken da ya san aikinsa, a Roni yake ko a Kazaure, da wannan tambayar yake tarbar mai tsohuwar mota in ya zo da kukan baƙin mai yana raguwa. Amsar ce za ta nuna ko aikin na washa ɗaya ne ko na sauke inji.

Cikin motocin da ake kawo wannan ƙara a kansu akwai Fijo, wato yadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa sunan Peugeot. Samfurin 504 ya fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a 1975, aka yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Mai buɗaɗɗen baya ita ce akori-kura. Waɗanda suka rage a kan hanya duk sun tsufa, robobinsu sun bushe, don haka samun mai a jikin injinsu ba abin mamaki ba ne.

Sai dai mai a jikin inji suna ya tara. Naso shi ne mafi sauƙi, kalmar da aka ɗauko daga yadda damshi ke bin bango. Mai ya jiƙa gefen murfi, ƙurar hunturu ta manne ta yi baƙin daddauɗa, amma ƙasa ba ta ga ko ɗigo ba. Wannan yana iya jiran ranar juyen mai. Ɗiga kuwa sai an tarar da tabo inda mota ta kwana. In ya kai ga tsiyaya, a kashe inji nan take. Yoyo ita ce uwar kalmar da ta haɗe su duka, shi ya sa ba ta gaya wa bakanike komai sai an ƙara mata bayani.

Shan mai wani ciwo ne dabam, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Motar da ke sha ba ta zubarwa a ƙasa, ƙona man take yi a ciki saboda ringi ya cinye, shaidarta kuwa shuɗin hayaƙi daga salansa. Wanda ya kira sha da sunan yoyo zai canza robobi uku, geji kuma ya ci gaba da sauka.

Shi kansa baƙin mai sunan nasa abin dubawa ne. Sabonsa ruwan zuma ne, sai ya yi aiki ya kwashi dauɗar ƙuna sannan ya yi baƙi. Mun raɗa masa sunan tsufansa ke nan, don a raba shi da fetur. A ganina sunan yana da hannu a sakacin da ake yi da juye, tunda wanda ya zaro geji ya ga baƙi ƙirin sai ya ce ai dama haka yake. Amfaninsa ɗaya, yana taimakawa wajen gane tabo. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Baƙi daga gaba na inji ne, mai kauri da wari mai hawa kai man giya ne, mai haske kusa da taya kuma man birki ne, shi kam ba a kwana da shi.

Sunayen sassan kusan duk aro ne daga Turanci, amma Turancin garejin Najeriya, wanda ko Bature sai an yi masa fassara. Kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji botom-filet ake ce masa, kan inji kuma tof-silinda. Robar da ke rufe bakin ƙarfe mai juyawa ita ce oyal-sil. In ka bi ta Daura ka tsallaka Kongolam zuwa Damagaram, sai Faransanci ya karɓi gareji, juye ya koma bidanj. Kalmar da ta fi rikita mai mota ita ce gasket, domin ba ɗaya ba ce. Ta murfin sama aikin ɗan lokaci ne da sufana. Tof-gasket kuwa sai an ɗaga kan inji, kuma alamarta ruwan lagireto ya gauraya da mai ya yi fari-fari. In aka ce maka "gasket ce", ka tambaya wacce, kafin a aika Ƙofar Ruwa a Kano sayo kaya.

Neman bakin yoyo ba ya son gaggawa. Mai gangarowa yake yi, iska kuma ta kora shi baya, saboda haka inda yake ɗiga ba lallai nan ne ya fito ba. A wanke inji ya bushe, a tayar da shi, a bi sawun man zuwa sama har inda ya ƙare. Sau da yawa a can za a tarar da filta da ba ta zauna ba, ko washar notin juye da aka maimaita har ta baje, ko tiyon numfashin inji da ƙura ta toshe har iskar ciki take tura mai ta kowace kafa.

Sai gam, wanda wasu suka mayar maganin kowace cuta. In aka lafta shi, rarar takan ɓalle ta faɗa cikin mai ta toshe rariyar famfo, ƙarshenta inji ya buga. Ɗaure noti fiye da kima ma lanƙwasa murfi yake yi, yoyon ya ƙaru. Don haka, mai Fijo, kafin ka je gareji ka kwana da kwali a ƙarƙashinta, ka duba geji da safe, ka kalli launin hayaƙi, sannan ka gaya wa maigidan gareji ainihin sunan abin da ka gani.