Daga Fito Zuwa Kwastan: Waiwaye Kan Lissafin Kuɗin Shigo da Kaya a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka riƙa yanke wa kayan fatauci haraji a ƙasar nan, tun daga zamanin ayari har zuwa na tashar jiragen ruwa. Manufarta ita ce ta nuna cewa duk da sauyin suna da na hukuma, gardamar ɗaya ce: wa ke da ikon faɗin darajar kaya?

2.0 Zamanin Ayari

A ƙarni na 19, fataken Kano da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ƙasashen sarakuna da dama kafin su isa Salaga. A mashigin kogin Kwara sukan biya kuɗin fito, a garuruwa kuma su kai gaisuwa. Madugu shi ke ciniki a madadin ayari, bisa yawan mutane da jakuna da kaya, a biya da wuri ko da wani abu daga cikin hajar. Wato a wancan lokaci ƙidaya da iya magana su ne ma'auni.

3.0 Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun zo da hanya biyu. Ta farko ita ce tsayayyen kuɗi kan awo, kamar kaza kan kowane galan na barasa. Ta biyu ita ce kaso cikin ɗari na darajar kaya. A Arewa, gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayari kashi 5 cikin ɗari a kowane lardi da ya ratsa, har zuwa kashi 15. Wannan haraji ya jawo ƙorafi, aka soke shi a 1907.

Kudu kuwa tana da bakin teku, kuma kuɗin kwastan, musamman na barasa, shi ne ginshiƙin baitulmalinta. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta ba da damar hana shigar da barasa yankunan da ba ta yaɗu ba, Arewa na cikinsu. Saboda haka Arewa ta dogara ga tallafin Ingila da gudummawar Kudu. Wannan giɓi na daga cikin manyan dalilan haɗe ƙasar a 1914.

4.0 Tsarin Zamani

Dokar kwastan ta 1958 ta daɗe tana aiki, sai a 2023 aka maye gurbinta. A 1994 aka fara karɓar harajin VAT kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. A 2015 kuma Nijeriya ta shiga tsarin bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon rukunin kaya.

Lissafin yakan fara ne da haɗa kuɗin saye da na inshora da na dako zuwa tasha. A ƙaddara jimlar ta kama naira 1,000,000, kayan kuma na matakin kashi 20 ne. Kuɗin kwastan zai zama naira 200,000. Harajin VAT kuwa a kan jimlar duka biyun yake hawa, wato naira 1,200,000, ya ba da naira 90,000. Ke nan mai kaya zai biya naira 290,000, ban da sauran ƙananan kuɗaɗe. Da yake da kuɗin waje ake sayo kaya, faɗuwar naira kaɗai kan ƙara wannan nauyi ko da ba a taɓa kason ba.

5.0 Kammalawa

Ba shakka kason haraji a rubuce yake, amma darajar da za a ɗora shi a kanta da rukunin da za a sa kaya, nan ne ake jayayya tsakanin jami'i da ɗan kasuwa, kamar yadda madugu ya yi da masu fito. Harshe ma ya adana wannan tarihi: "fito" ta tsaya a bakin kogi, "kwastan" ta shigo da Bature, "fasa-ƙwauri" kuma ta zama sunan mai kauce wa biya. Daga ƙarshe dai, mai saye a kasuwa shi ke ɗaukar kowane kwabo da aka ƙara a tasha.