Su Wane Ne Nasara? Tarihin Wata Kalma

Duk wanda ya tashi a Dungas ko Magarya ya san kalmar "Nasara". Tsofaffi na cewa "zamanin Nasara", yara kuma in suka hango farar fata a mota sai su yi ta kiran "Nasara! Nasara!" To amma asalin sunan bai da alaƙa da launin fata ko kaɗan.

Kalmar Larabci ce, kuma da ita Alƙur'ani mai girma yake kiran mabiyan Annabi Isa (AS). Malaman tafsiri sun kawo bayani biyu. Na farko, daga sunan garin Nasira ne, wato Nazarat ta ƙasar Falasɗinu, inda Annabi Isa ya girma. Na biyu, daga kalmar "ansar" ne, wato mataimaka, domin Hawariyawa sun amsa cewa su mataimakan addinin Allah ne, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana da Suratus Saffi. Kun ga ke nan, a bayani na biyu tushensu ɗaya da Ansar na Madina, da ma "nasara" tamu ta cin jarrabawa. Bambancin a furuci yake: ta addini ana jan wasalin tsakiya.

Su ma littattafan Kiristoci sun san sunan. A littafin Ayyukan Manzanni an zargi Bulus da jagorancin ɗariƙar Nazarawa, kuma littafin ya ce a birnin Antakiya aka fara kiran su "Kirista".

To, yaya aka yi sunan ya koma na Bature a wajenmu? Ai saboda yawancin Kiristocin da kakanninmu suka fara gani Turawa ne. James Richardson ya sauka Damagaram a 1851, Heinrich Barth kuma a 1852. A 1898 aka kashe Kaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka kama birnin. Daga nan sai haraji da aikin tilas suka biyo baya, "Nasara" ya zama sunan mai mulki da bindiga, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Masu wa'azin Kiristanci na mishan ɗin SIM kuwa sai a 1924 suka zauna Zinder, kuma su ba Faransawa ba ne, yawancinsu masu jin Ingilishi ne.

Wato kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu: addini da mulkin mallaka. Haɗa su wuri guda yana da haɗari. A watan Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙona coci-coci a Zinder da Yamai, har an rasa rayuka. Fushin kan Faransa aka yi shi, amma waɗanda abin ya faɗa wa yawancinsu ƴan ƙasa ne da maƙwabtanmu na Afirka, wasu Hausarsu ma irin tamu ce.

Mu tuna fa, lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa sahabbai, Habasha Manzon Allah (SAW) ya tura su, wajen Najjashi, sarkin Nasara baƙar fata. Daga baya kuma ya karɓi tawagar Nasaran Najran, waɗanda Larabawa ne, a Madina.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka ji an ce "Nasara", ka tambaya: wanne ake nufi? Kumandan da ya tafi tun 1960, ko maƙwabcin da kuke cin kasuwa tare? Musulunci ya ɗora mana haƙƙin maƙwabci, ko da addininku ba ɗaya ba. Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.