David Warrell da ciwon huhun masu sassaƙa dutsen niƙa a ƙasar Kano

Kafin injin niƙa ya yaɗu, da wuya a shiga wani gida a cikin birnin Kano, tun daga Ƙofar Kabuga har zuwa Ƙofar Mata, ba a tarar da dutsen niƙa ba. Da shi ake niƙa dawa da gero da wake, kuma har yanzu akwai gidajen da ba su rabu da shi ba.

To sai dai ba kowa ya san irin illar da sassaƙa wannan dutse ke yi wa masu sana'ar ba, har sai da wani ayarin likitoci daga Zariya ya wallafa sakamakon bincikensa a shekarar 1975. Sunan da ya zo na farko a jerin marubutan binciken shi ne David Warrell.

Wane ne David Warrell?

An haifi David Alan Warrell a Singafo a shekarar 1939. Ya yi karatun likita a Jami'ar Oxford da kuma asibitin St Thomas da ke birnin Landan.

A farkon aikinsa ya karkata ne ga nazarin yadda huhu ke aiki. Ya samu horo a kan haka a asibitin Hammersmith na Landan, sannan a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka.

Haka kuma ya yi aiki a birnin Addis Ababa na ƙasar Habasha, inda ya yi bincike kan wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa.

A shekarar 1970 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shiga sashen da Farfesa Eldryd Parry ke shugabanta, ya kuma zauna har zuwa 1974 yana koyarwa, yana duba marasa lafiya.

Abin da binciken ya gano

Rahoton ya fito ne a mujallar likitoci ta Thorax. Cikin waɗanda suka sa hannu akwai Dokta Brian Harrison, wanda daga bisani ya zama ƙwararren likitan ƙirji a Ingila, da kuma wasu abokan aikinsu 'yan Nijeriya.

Rahoton ya ce da yawa daga cikin duwatsun niƙa da ake amfani da su a gidajen Nijeriya, daga wasu 'yan ƙauyuka da ke kusa da Kano ake faso su.

Likitocin sun duba mutum 126 masu wannan sana'a daga biyu cikin ƙauyukan, ba tare da sun zaɓi marasa lafiya kawai ba. Hoton ƙirji ya nuna cewa mutum 49, wato kusan kashi 39 cikin 100, na ɗauke da cutar da ake kira silikosis.

A cikinsu, mutum 17 cutar ta riga ta kai mataki mafi muni, inda ƙananan tabo ke haɗuwa su zama manyan dunƙule a cikin huhu.

An lura cewa waɗanda suka kamu sun fi sauran 77 ɗin daɗewa a bakin aikin. Kashi 63 cikin 100 na masu cutar sun koka da matsalar numfashi, galibi haki idan sun ɗan yi aikin ƙarfi. Ga kashi 42 cikin 100 kuwa, tari ne ya fara bayyana.

Wani abin lura shi ne, kashi 35 cikin 100 ne kacal likita ya iya gano wata alama a jikinsu ta hanyar awon da aka saba yi. Ma'ana, mutum na iya ɗauke da cutar alhali a ido lafiyarsa ƙalau.

Sakamakon ya ba masu binciken mamaki, saboda a fili ake aikin, ba a cikin ramin ƙarƙashin ƙasa ba, kuma ana sa ran iska za ta kwashe ƙurar. Sun danganta yawan cutar da tsananin ƙurar da ma'aikatan ke shaƙa, da kuma irin dutsen, wanda yashi ne da ya daskare.

Mece ce silikosis?

Cuta ce da ake samu ta hanyar shaƙar ƙurar sinadarin silika, wanda ke cikin yashi da yawancin duwatsu.

Ƙurar da ta fi haɗari ita ce wadda ido ba ya iya gani. Saboda ƙanƙantarta, takan wuce hanci da maƙogwaro ta isa can ƙarshen huhu, inda iska ke shiga cikin jini.

Ƙwayoyin garkuwar jiki kan haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita. Sai su mutu, wurin ya kumbura, daga nan ya zama tabo. Idan tabon ya yi yawa, huhu kan ƙandare ya kasa buɗewa yadda ya kamata.

Galibi sai an yi shekara 10 ko fiye ana shaƙar ƙurar kafin cutar ta bayyana, amma idan ƙurar ta yi yawa takan zo cikin 'yan shekaru. Tana kuma iya ci gaba da tsananta ko da mutum ya bar aikin.

Mai silikosis ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, kuma a hoton ƙirji cututtukan biyu kan yi kama da juna. Don haka akan yi wa wasu maganin tarin fuka na watanni ba tare da an tambaye su sana'arsu ba.

A shekarar 1997 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar silika cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu.

Har yanzu babu maganin da ke goge tabon huhu. A shekarar 2014 Amurka ta amince da magunguna biyu, pirfenidone da nintedanib, don wani nau'in tabon huhu da ba a san musabbabinsa ba, amma rage saurin cutar kawai suke yi.

Sana'a ko lafiya

Binciken ya zo ne daidai lokacin farin da ya addabi yankin Sahel da arewacin Nijeriya a farkon shekarun 1970.

Likitocin sun amince cewa rage ƙura a wuraren fasa dutsen abu ne mai wuya. Sun kuma ce ba zai yiwu a sa ran mutanen da fari ya hana su noma su yi watsi da sana'ar da suka gada ba.

Babbar hanyar rage ƙurar ita ce jiƙa dutse da ruwa yayin aiki, ga shi kuwa ruwan ne ya yi ƙaranci a yankin.

Daga huhu zuwa macizai

Ba a kan huhu sunan Warrell ya fi fitowa ba. A Zariya ne ya fara nazarin saran maciji, musamman kububuwa, wadda ke hallaka manoma da makiyaya a yankunan Kaltungo da kwarin Binuwai. Ya kuma yi bincike kan ciwon haukan kare.

A shekarar 1979 ya kafa wata cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a birnin Bangkok na Tailan, da haɗin gwiwar jami'o'in Oxford da Mahidol da gidauniyar Wellcome.

A can ne, a 1982, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa maganin dexamethasone, wanda a lokacin ake yawan ba masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya hana mutuwa, sai ma ƙara tsawon suma da yake yi.

Daga bisani ya zama farfesa a Oxford, kuma ɗaya daga cikin editocin babban littafin koyar da likitanci na jami'ar. A shekarar 2022 Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta Sir.

Alaƙarsa da arewacin Nijeriya ba ta yanke ba. Ya yi aiki tare da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, wadda tsohon mazauninta ke daf da Ƙofar Kabuga, wajen gwajin maganin dafin kububuwa a Kaltungo. An wallafa sakamakon a 2010.

Inda aka kwana

Tun a shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da silikosis, suka sa 2030 a matsayin wa'adi.

A Afirka ta Kudu, kamfanonin haƙar zinariya sun amince a 2018 su biya diyyar rand biliyan 5 ga ma'aikatan da suka kamu da silikosis da tarin fuka. Ostireliya kuma ta haramta wani dutsen haɗi da ake yin teburin kicin da shi, daga ranar 1 ga watan Yulin 2024.

A arewacin Nijeriya, injin ya rage buƙatar dutsen niƙa, amma ƙurar na nan a wasu sana'o'in: fasa tsakuwa, yankan tayil, haƙar rijiya, da niƙan dutsen zinariya.

Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan masu haƙar zinariya a arewacin ƙasar ya nuna cewa fesa ruwa a lokacin aiki ya rage ƙurar silika da kimanin kashi 80 cikin 100.

Likitoci na ba da shawarar cewa duk wanda ya daɗe yana aikin dutse ko yashi, ya kuma fara haki ko tarin da ya ƙi jin magani, ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya kuma faɗa wa likita sana'arsa da yawan shekarun da ya yi a cikinta.